CIWON DA KE SACE MAGANA SANNU-SANNU

Cikin dukan baye-bayen da Allah ya yi wa ɗan adam, da wuya a sami wadda muke mora kamar magana. Da ita muke gaisuwa, da ita muke ciniki, da ita uwa take rarrashin ɗanta, da ita kuma muke yabon Mahaliccinmu ran Lahadi. Amma akwai wani ciwo wanda aikinsa shi ne ya raba mutum da maganarsa, ba dare ɗaya ba, sai kaɗan-kaɗan, kamar yadda gara take cin zana. Mutum yana tafiya da ƙafafunsa, yana zuwa gonarsa, yana gane 'ya'yansa da jikokinsa, amma kalmomi suna zube masa ɗaya bayan ɗaya.

Likitoci suna kiran lalacewar magana da ta samo asali daga ƙwaƙwalwa afeziya. Wadda muka fi sani ita ce mai zuwa farat ɗaya tare da shanyewar ɓarin jiki. Wadda za mu duba a wannan wata kuwa dabam take, gama tana shigowa a ɓoye, tana kuma ƙaruwa shekara bisa shekara. Galibi takan soma ne tsakanin shekara 50 da 70, watau lokacin da mutum yake riƙe da gida, wataƙila kuma yana dattijon ekklesiya ko shugabar zumuntar mata. Mun ga ya kamata iyalan masu bi su san ta, domin rashin sani ya sa an kira marasa lafiya da yawa mahaukata, ko mashaya, ko ma mayu, alhali kuwa ciwo ne kawai kamar sauran ciwuka.

INDA MAGANA TAKE ZAUNE

Mukan ce magana daga baki take fitowa, amma baki da harshe 'yan aike ne kawai. Maigidan yana cikin kai. A shekara ta 1861 wani likita a birnin Faris mai suna Paul Broca ya duba wani majinyaci wanda ya yi shekaru ba ya iya furta kome sai “tan”, ko da yake yana gane abin da ake faɗa masa. Da mutumin ya rasu, Broca ya binciki ƙwaƙwalwarsa, ya tarar da wani wuri ya lalace a ɓangaren hagu, wajen gaba. A 1874 kuma wani likitan Jamus, Carl Wernicke, ya nuna wani wurin dabam, can baya kaɗan wajen kunnen hagu, wanda idan ya taɓu mutum yakan yi ta zuba magana amma ba ya fahimtar ta wasu. Tun daga nan aka gane cewa a wurin yawancin mutane ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne yake riƙe da sha'anin magana, da karatu, da rubutu.

A 1892 Arnold Pick, likita a birnin Farag, ya rubuta labarin wani dattijo wanda maganarsa ta riƙa lalacewa a hankali, aka kuma tarar gefen hagu na ƙwaƙwalwarsa ya motse. Amma sai a 1982 ne duniya ta mai da hankali sosai, sa'ad da Dokta Marsel Mesulam, haifaffen Istanbul mai aiki a Amurka, ya ba da bayanin mutum 6 waɗanda maganarsu take raguwa shekara da shekaru, amma tunaninsu da hankalinsu suna nan. Ya nuna cewa wannan ba gigin tsufa ba ne irin wanda aka saba gani. Mai gigin tsufa yakan manta abin da ya faru jiya. Wannan kuwa yana tune da kome sarai, hanyar faɗa ce ta toshe masa.

Abin da yake faruwa shi ne, wasu irin furotin na jiki sukan dunƙule cikin ƙananan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, su hana su aiki, har su mutu, wurin kuwa ya riƙa motsewa. Ba a ɗaukar ciwon ta wurin cin abinci tare, ko gaisawa, ko kwana ɗaki ɗaya. A wurin yawancin masu shi kuma ba gādo ba ne, sai a iyalai kaɗan.

IRINSA UKU NE

A 2011 masana daga ƙasashe dabam-dabam, Dokta Maria Luisa Gorno-Tempini ta jami'ar Kalifoniya a San Faransisko tana gaba, suka yarda a kasa ciwon kashi uku. Sanin kashin nan yana da amfani, gama kowanne da irin taimakon da yake bukata.

Na fari, mai sarƙe harshe. Mutum ya san abin da yake so ya faɗa, amma fitar da shi sai da wahala, kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi. Ƙananan kalmomin da suke ɗinke zance sukan zube. Maimakon ya ce, “Zan tafi kasuwa gobe da safe,” sai ya ce, “Kasuwa... gobe.” Waɗansu sukan zaci i'ina ce ta same shi da tsufa.

Na biyu, mai share ma'ana. Wannan maganarsa tana gudu lafiya lau, amma ma'anar kalmomi tana ɓace masa. Ka ce masa, “Baba, ina fartanyarka?” sai ya dube ka ya ce, “Mene ne fartanya?” alhali ya yi shekara 50 yana noma da ita. Yakan kira akuya da tunkiya da jaki duka da suna ɗaya, ko ya yi ta cewa “abin nan”.

Na uku, mai ɓoye kalma. Mutum yana cikin zance sai ya tsaya cik yana lalube, kalmar tana bakinsa amma ta ƙi fitowa. Wani lokaci takan fito a birkice, ya ce “kutunya” maimakon “tukunya”. Ya san ma'anar kowace kalma, amma idan ka faɗi doguwar magana ka ce ya maimaita, sai ta tsinke masa a tsakiya.

GANI YA KORI JI

A zamanin Broca ba a iya ganin ƙwaƙwalwar mutum sai bayan ransa. Yanzu kuwa Allah ya ba 'yan adam hikimar ganinta mai ita yana raye, ba tare da an tsaga shi ba. A 1971, a wani asibiti a Landan, aka fara ɗaukar hoton kan majinyaci da na'urar CT wadda Godfrey Hounsfield ya ƙera. Daga baya aka sami na'urar MRI, mai aiki da babban maganaɗisu, wadda hotonta ya fi fitowa dalla-dalla. Mutum yakan kwanta a kan wani gado siriri, a tura shi cikin na'urar wajen rabin sa'a. Tana da ƙara ƙwarai, amma babu zafi. Sai dai lalle a faɗa wa ma'aikata tun da wuri idan akwai ƙarfe a jikin mutum, ko na'urar daidaita bugun zuciya.

Hoton yana da amfani ta hanya uku. Da fari yakan nuna ko wani abu dabam ne yake danne magana, kamar ƙari a cikin kai, ko jinin da ya taru bayan faɗuwa, ko jijiyar jini da ta toshe. Waɗansu cikin waɗannan ana yi musu aiki ko magani mutum ya sami sauƙi, don haka kuskure ne babba a zauna gida ana cewa ai tsufa ne.

Na biyu, yakan nuna wurin da ya motse. A mai sarƙewar harshe, wurin yana gaba ne a hagu, kusa da inda Broca ya nuna. A mai ɓacewar ma'ana, yana ƙasa ne wajen gaban kunne. A mai laluben kalma kuwa yana can baya, sama da kunnen hagu. Idan abin da likita ya ji da kunnensa ya yi daidai da abin da ya gani a hoto, sai ya faɗa wa iyali da gaba gaɗi irin ciwon da suke fama da shi.

Na uku, akwai wani hoto da ake kira PET. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cin wajen kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki yake samu daga abinci. Akan yi wa mutum allurar wani irin sukari mai alama, na'urar kuwa ta nuna wurin da ba ya cin rabonsa. Sau da yawa wannan yakan tona ciwon tun wurin bai motse ba. Tun daga 2004 kuma aka sami irin PET mai nuna furotin ɗin ciwon Alzaima. Ta haka aka ƙara tabbatarwa cewa yawancin masu laluben kalma, Alzaima ce take ƙarƙashin ciwonsu, sauran iri biyun kuwa galibi wasu furotin ne dabam.

Amma hoto ba magani ba ne, tsadarsa kuma ba kaɗan ba ce. Gwanin likita yakan gane abu da yawa ta wurin sauraron majinyaci, da sa shi ya faɗi sunayen abubuwa, ya maimaita zance, ya karanta, ya rubuta. Manyan asibitocin koyarwa irin na Jos, da Zariya, da Kano suna da likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Su ne za su faɗa ko hoton ya zama dole. Yana da kyau kuma a gwada jin mutum, gama kurumta ma takan sa a zaci ba ya fahimta.

KOYON MAGANA KARO NA BIYU

Bari mu faɗi gaskiya yadda take: har yau babu ƙwaya ko allurar da take warkar da wannan ciwo. Duk wanda ya ce a sayar da saniya a kawo masa kuɗi zai mai da maganar Baba cikin kwana 7, yana neman abincinsa ne kawai. A dā ma likitoci da yawa sukan ce, tun da ciwon gaba yake yi, me za a wahalar da mutum da koyo? Amma binciken shekarun nan ya nuna ba haka ba ne. Akwai ma'aikatan lafiya waɗanda sana'arsu ke nan, gyaran magana, ga kuma irin abin da suke yi.

Hanya ta ɗaya ita ce maido da kalmomi. Akan zaɓi kalmomin da mutumin yake bukata kullum, kamar sunayen jikoki, da abinci, da magani, da kayan aikinsa. A nuna masa hoton abu, in ya kasa faɗin sunan ba a yi maza a faɗa masa ba. Sai a bi da shi mataki-mataki: Me ake yi da shi? Ina ake ajiye shi? Yaya kamanninsa? Da wane harafi sunan ya soma? Idan ya samo kalmar sai ya faɗa, ya rubuta, ya kuma maimaita a gida kowace rana. Dokta Maya Henry ta jami'ar Tekzas da abokan aikinta sun ba da rahoto a 2019 cewa masu ɓacewar ma'ana da masu laluben kalma da aka koyar ta wannan hanya sun maido da kalmomi, da yawa cikin kalmomin kuwa suna nan bayan shekara guda. Kalmomin da aka yi aiki a kansu su ne suka fi zama, shi ya sa zaɓen yake da muhimmanci. Mai ɓacewar ma'ana kuma ya fi koyo da hoton kofinsa na kansa bisa ga hoton wani kofi a littafi.

Hanya ta biyu domin masu sarƙewar harshe ce. Akan shirya gajeren zance a kan abin da mutumin yake so ya riƙa faɗa, kamar gabatar da kansa, ko labarin iyalinsa, ko addu'ar cin abinci. Wani mai lafiya ya faɗi zancen a hankali a ɗauki bakinsa a bidiyo, majinyacin kuwa ya riƙa kallo yana faɗa tare da shi kowace rana. A 2018 Dokta Henry ta ba da labarin mutum 10 da suka bi wannan hanya. Zancen da suka koya ya fito sarai fiye da dā, ya kuma zauna musu har shekara guda, ko da yake ciwon yana ci gaba. Wayar hannu ta ishi wannan aiki.

Hanya ta uku ita ce koyar da iyali, gama zance na mutum biyu ne. A Landan Dokta Anna Volkmer ta shirya darussa inda ake ɗaukar hirar miji da mata a bidiyo, su kalla tare su ga abin da yake taimako da abin da yake hanawa. A Shikago kuma Dokta Emily Rogalski ta jagoranci wani gwaji na majinyata 95, kowanne da mai kula da shi, ana koyar da su daga nesa ta intanet. Sakamakon da aka buga a 2025 ya nuna amfanin sa abokin zama cikin koyon. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A nan ma hoto ya ba da shaida. Akwai irin MRI mai nuna wurin da jini ya fi gudu sa'ad da mutum yake tunani. A 2011 masana a jami'ar Arizona suka ɗauki irin wannan hoto na wani dattijo mai laluben kalma, kafin koyo da bayansa. Suka ga wuraren gaba na ƙwaƙwalwarsa, waɗanda ciwon bai ci ba, sun ƙara himma. Mutum ɗaya ne, amma ya nuna abin da masu gyaran magana suke dogara a kai, watau sashen da ya ragu da lafiya yana iya ɗaukar wani kaya na sashen da ya gaji. A jami'ar Johns Hopkins kuma Dokta Kyrana Tsapkini tana haɗa koyon da wata 'yar wutar lantarki marar ƙarfi da ake ratsawa ta fatar kai. Wannan yana matakin gwaji tukuna, ba abin da wani zai kwaikwaya a gida ba ne.

ABIN DA ZA MU YI A GIDA

Masu gyaran magana kaɗan ne a ƙasashenmu, don haka yawancin aikin a hannun iyali yake.

1. Idan magana ta ɗauke farat ɗaya, ko baki ya karkace, ko hannu ya saki, a kai mutum asibiti nan take. Wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce, sa'o'in farko kuwa su ne masu tsada.

2. A yi masa magana fuska da fuska, mutum ɗaya a lokaci ɗaya, a kashe rediyo. A gajarta zance, amma kada a ɗaga murya, gama ba kurma ba ne. Kada kuma a yi masa magana kamar yaro.

3. A ba shi lokaci. Kada a ƙwace masa zance daga baki, kada a mai da hira jarrabawa. Maimakon “Mama, me za ki ci?” a ce, “Mama, tuwo ko shinkafa?” a kuma nuna mata.

4. A yi masa ɗan littafi mai hotunan 'yan gida, da abinci, da wuraren da yake zuwa, da suna a ƙarƙashin kowanne, domin ya riƙa nunawa. A sa masa takarda a aljihu mai bayyana ciwonsa da inda za a sami iyalinsa.

5. A yi amfani da harshen da ya fi zauna masa. Da yawa cikinmu muna da harshen gida ban da Hausa da Turanci. A gwada a ga wanne ya fi sauƙi a bakinsa.

6. A shirya tun da sauran magana. Bayan shekaru ciwon yakan kai ga tunani, ko hali, ko tafiya, ko haɗiyar abinci. To, tun yau a zauna da shi a kan gona, da gida, da kuɗin banki, da wasiyya, a rubuta a gaban shaidu, domin kada a cuce shi ko gwauruwarsa daga baya. A ɗauki muryarsa kuma yana ba da tarihin gidansu, jikoki za su gode.

7. Idan ya soma ƙwarewa ko tari wajen cin abinci, a faɗa wa likita.

NAWAIYAR EKKLESIYA

Ciwon nan ba ya zaɓe. A 2022 iyalin Bruce Willis, shahararren ɗan wasan fim na Amurka, suka sanar ya bar sana'arsa saboda afeziya, a 2023 kuma suka bayyana cewa ciwon motsewar gaba da gefen ƙwaƙwalwa ne. Ba su ɓoye shi ba. Mu fa, don me za mu kulle namu a ɗaki saboda kunya?

Littafi Mai Tsarki bai bar mu cikin duhu ba. A Yohanna sura 9, da almajirai suka so su san zunubin wane ne ya jawo wa wani makanta, Ubangiji ya kawar da wannan tunani. Kada mu kuskura mu ɗora wa marar lafiya laifin maita ko asirin da ya koma kansa. A Fitowa sura 4, Musa ya yi kukan nauyin bakinsa, Allah kuwa bai sallame shi daga aiki ba, sai ya haɗa shi da Haruna. A Luka sura 1, sa'ad da bakin Zakariya firist ya rufe, 'yan'uwansa ba su yanke sunan jaririn a bayansa ba. Suka tambaye shi da hannu, ya nemi allo ya rubuta. A Markus sura 7 kuma, da aka kawo wa Yesu kurma mai nauyin harshe, ya janye shi daga taro tukuna, ya yi masa abin da zai gani da ido ya gane.

Saboda haka dattijon da ba ya iya wa'azi kuma, kada a ɗauke kujerarsa daga gaba. Yana iya riƙe kwanon baiko, yana iya ɗora hannu a kan yara. A riƙa zuwa da shi sujada, gama sau da yawa waƙar da mutum ya haddace tun yana yaro, da Addu'ar Ubangiji, sukan daɗe a bakinsa bayan zance ya yi wuya. Labarin zuciya a tambayi fuska: mu koyi karanta fuskarsa. Kada kuma mu manta da matar da take kwana da tashi da shi, wadda ta rasa abokin hira shi kuwa yana zaune kusa da ita. Zumuntar mata da ta maza su raba kwanaki, wani ya zauna da shi domin ta je kasuwa, ta huta.

Wataƙila babban tsoron mai wannan ciwo shi ne, “In na kasa yin addu'a fa?” Bari mu karanta masa Romawa sura 8, inda manzo Bulus ya koya mana cewa Ruhu Mai Tsarki da kansa yana roƙo dominmu sa'ad da kalmomi suka kāsa. Cetonmu bai rataya a kan iya bakinmu ba, yana kan abin da Kristi ya gama a bisa gicciye. Wanda ya yi bakin mutum yana jin wanda bakinsa ya rufe.

Ya 'yan'uwa, in akwai irin wannan a gidanku ko a ekklesiyarku, ku kai shi wurin likita, ku soma littafin hotunan nan tun wannan mako, ku kuma ziyarce shi ko da hirar ba ta yi tsawo ba. Ubangiji ya ba mu haƙuri da ƙauna domin wannan hidima. Amin.